Yadda Za Ka Sa 'Yar Kwamfutar Tafin Hannu Ta Kayar da Laftop ɗin Matarka

Ɗan'uwa, matso kusa. In kana da 'yar kwamfutar nan tsirara wadda ba ta wuce tafin hannu ba, falle ɗaya kore, ba murfi ba gilashi, kuma wani ya taɓa kallonta ya tambaye ka daga cikin rediyon wa aka ciro ta, to yau kukanka ya ƙare. Bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari za ta kayar da kowace laftop a gwajin gudu, a gaban shaida, da maki a rubuce. Ban ce wataƙila ba. An gwada hanyar a kan mutum mai rai, kuma har yanzu yana raye.

Mutumin maƙwabcina ne, ana ce masa Injiniya. A shagon gilashin ido yake aiki, shi ke goge tabarau yana jerawa. Sunan ya same shi ne ranar da rimot ɗin wata tsohuwa a layinmu ya daina aiki, ya juya batiran ya kama. Tun daga ranar bai ƙara amsa wani suna ba. A falonsa akwai tebur guda jikin taga, kusa da soket ɗaya tilo da ba ya tartsatsi, a nan 'yar kwamfutarsa take zaune cikin wayoyi, an jona mata tsohuwar talabijin. Matarsa malamar makaranta ce, tana ɗaukar darasi a bidiyo ta tura wa ɗalibanta, amma a bakin gado take aikin da laftop a cinya, saboda tebur na Injiniya ne.

Mataki na ɗaya: Cika baki tun kafin ka gwada komai

Wanda ya gwada kafin ya yi kuri ya riga ya san gaskiya, kuma sanin gaskiya yana rage wa murya ƙarfi. Kai dai ka faɗa, bincike ya biyo baya.

Haka Injiniya ya yi. Wata rana yayan Malama ya kawo ziyara, ta shigo da tiren shayi ta rasa inda za ta ajiye.

"Injiniya, don Allah ɗan kwashe kayan wasan nan in ajiye tire."

Kayan wasa. A gaban Yaya. Maganar ta soki Injiniya har ƙahon zuciya, ya ji in ya yi shiru yau, to shirun ya zama nasa har abada.

"Malama, abin nan da kike ce wa kayan wasa ya fi laftop ɗinki gudu."

"Wannan? Da ba ta kai biskit ba?"

"Ita fa."

"To shi ke nan," in ji ta, tana dariya. "Ranar hutu Yaya ya dawo ya yi mana alƙalanci. In ta fi gudu, tebur naka ne, ba zan ƙara magana ba. In ba ta fi ba, a zuba su a kwali a kai ɗakin ajiya, ni ma in huta da ciwon baya."

Yaya ya ajiye kofi ya ce ya yarda, Injiniya ma ya ce ya yarda, da murya mai ƙarfin da shi kansa sai da ta ba shi tsoro.

Mataki na biyu: Sha kayenka a ɓoye

Jira matarka ta fita, ka rufe ƙofa, ka sa wa na'urorin biyu manhajar gwaji iri ɗaya. Manhajar tana ba furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'ura, lissafi mai wuya, ta duba yadda ta gama da sauri ta ba ta maki. Danna, ka zauna ka gani da idonka.

Injiniya ya gani. Laftop ta gama, ta nuna makinta, ta jira, ta gaji da jira, ta kashe fuska ta yi barci. A lokacin 'yar tasa ba ta kai rabi ba, ta yi zafin da in ka ɗora yatsa sai ka janye. Ya sake gwadawa ko an yi kuskure. Ba a yi ba.

Ba teburin kaɗai ne ya tsaya masa a rai ba. A shago shi mai goge gilashi ne, kowa aikensa yake, amma a gidan nan shi ne wanda ya sani, shi ake kira in abu ya ƙi kamawa, kuma yana son yadda Malama ke kallonsa in ya kama. Ya ji tsoron ranar da za a zuba wannan kallon a kwali tare da wayoyi.

A nan raggo yake zuwa ya ba da haƙuri. Kai ba raggo ba ne, wuce mataki na gaba.

Mataki na uku: Duba alƙalinka

Alƙali nagari shi ne wanda yake son adalci ƙwarai amma bai san wasan ba. Injiniya ya yi sa'a. Yaya tsohon alƙalin wasan ƙwallo ne, har yau da usur yake yawo a aljihu, mutum ne da ba a saye shi ba a tsorata shi, kuma duk abin da ya sani game da kwamfuta shi ne ba a zuba mata ruwa. In naka alƙalin ya taɓa furta kalmar furosesa da bakinsa, ka ce ba ka da lafiya a ɗage gasar.

Mataki na huɗu: Kada ka yarda a gwada su da aikin gaske

Za a kawo maka shawara mai hankali, ka yi hattara da ita. Malama cewa ta yi:

"Ai abin mai sauƙi ne. A ba kowacce bidiyon darasina ta matse shi ta rage masa girma, wadda ta riga gamawa ta ci."

Injiniya ya girgiza kai a hankali, irin na mai tausayin jama'a. "Malama, wannan ai ba kimiyya ba ce. Masana ba haka suke yi ba."

"Yaya suke yi?"

"Lambobi ake ba su su nemo. Waɗanda ba sa rabuwa."

"Su yi me da su?"

"Su nemo su dai."

Ka lura da kyau. Tunda aka halicci duniya ba a taɓa samun matar da ta tashi da safe tana bukatar lambobin da ba sa rabuwa ba, shi ya sa ba wanda zai iya ce maka an yi ba daidai ba.

Ga kuma asirin da ya fi kowanne. Kowace ƙwaƙwalwar na'ura tana da ma'aikata a cikinta, kuma manhajar gwaji tana tambaya nawa za a sa su yi aikin. Taka tana da huɗu, ƙanana, marasa ƙarfi, sa su duka. Ita kuwa laftop, sa mata ɗaya kacal, sauran su zauna su yi kallo. In lamirinka ya motsa, ka tuna masa cewa ma'aikacin laftop ɗaya ƙato ne, kuma ba laifi ba ne yara huɗu su taru a kan ƙato.

Mataki na biyar: Karrama laftop har ta galabaita

Kada ka lalata ta, mu ba 'yan ta'adda ba ne. Girmama ta za ka yi. Ita na'ura in ta ji zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, kuma laftop ta ƙarƙashinta take shan iska. Saboda haka ɗauko filo mafi laushi a gidan, wanda in an ɗora abu yake nutsewa, ka shimfiɗe ta a kai.

"Me ya sa ka ɗora ta a filona?" Malama ta tambaya da safiyar ranar gasa.

"Kada tebur ya ƙuje miki ita."

Ta ji daɗi har ta yi murmushi. Injiniya ya kawar da kai ya shiga gyara wata waya da ba abin da ya same ta.

Bayan filo, cire mata caja, ai soket ɗaya ne kuma taka ba ta da batir, wannan ko Yaya ya ga adalci ne. Sa ta a yanayin tsimin batir, wanda ke sa ta tafiya kamar mai azumin dole. Tayar da manhajar farautar bairos, wato cutar kwamfuta, ta shiga bincike a ɓoye, ka amsa mata duk sabuntawar da ta daɗe tana roƙo ana cewa sai gobe, ka buɗe shafukan intanet iya yawan da zuciyarka ta ba ka, ka ɓoye su a ƙasa. Duk wannan kulawa ce. Da wani zai tambaye ka, babu ɗaya da ba za ka iya kare shi da sunan alheri ba.

Mataki na shida: Sanyaya taka

Samu farantin ƙarfe, ka kife shi a kan ledar ƙanƙara, ka zagaye da tawul, ka ɗora 'yar taka a sama kamar dama can nan ne mazauninta. Injiniya ya ƙara da fankar tsaye, ya juya ta ta kalli tebur, ya ce saboda Yaya ne, duk da Yaya yana can ɗaya gefen yana share zufa.

Sa gwajin ya zama gajere. Ƙanƙara ba ta da amana, kuma masana sun tabbatar da cewa duk gaskiyar da ta wuce tsawon narkewar ƙanƙara ba a bukatarta a cikin gida.

Mataki na bakwai: Ranar gasa, kada bakinka ya mutu

Yaya ya tsaya tsakanin na'urorin biyu, ya duba hagu ya duba dama, ya ce kowa ya ja da baya. Ya busa usur, Injiniya ya danna nan ya danna can.

Nan take fankar cikin laftop ta kama kuka, tana neman iska filo ya toshe. Yaya ya kasa kunne ya gyaɗa kai.

"Wannan da take ruri haka ai ita ce ke gudu."

Amma Injiniya ɗalibi ne nagari. "Yaya, ku da kuka san fili, wa ke haki? Na gaba ko wanda aka bari a baya?"

Yaya ya sake kasa kunne. "Na baya," ya ce. "Gaskiyarka."

Can sai ga ruwa yana ɗiga daga gefen tebur, ɗis, ɗis, daidai kan takalmin alƙali. Yaya ya duba ƙasa ya duba sama.

"Injiniya, ruwan mene ne wannan?"

"Gumi ne, Yaya."

"Na'ura tana gumi?"

"Mai ƙoƙari ce kawai take yi."

Malama ta matso tana leƙen talabijin, hannunta a baki, ita da gaske take kallon gasar. Injiniya kuwa ƙanƙara yake saurare tana mutuwa a ƙarƙashin faranti. Ya yi addu'ar da bai taɓa yi wa kansa ba. Sai ga maki ya fito a talabijin, kafin a ja numfashi biyu, makin laftop ma ya fito. Da filo, da tsimin batir, da farautar bairos, da huɗu a kan ɗaya, da ƙyar da jiɓin goshi 'yar tasa ta tsallake. Yaya ya busa usur ya ɗaga hannun Injiniya sama.

Mataki na takwas: Zana sakamakon

Ɗan bambanci ba ya cika ido, sai an taimaka masa. Zana ginshiƙi biyu, ɗaya na taka ɗaya na laftop, amma kada ka fara daga ƙasa. Yanke duk inda suka yi daidai ka jefar, ka nuna ɗan saman da suka bambanta. Da Injiniya ya gama, tasa ta tashi kamar bene, laftop ta kwanta a gefe kamar dakalin ƙofar gida. Yaya ya ɗauki hoton zanen da waya don ya nuna wa abokansa.

Mataki na tara: Karɓi nasara da fara'a, ko me ta zo da shi

A nan nake so ka natsu, don nan ne ɗalibai da yawa suke mamaki.

Injiniya ya shirya wa musu. Ya tanadi amsar filo, ya tanadi amsar caja. Abin da bai tanada ba shi ne Malama ta yarda. Ta dube shi da irin kallon nan da yake so, har ya fi na kullum.

"Injiniya, ka yafe mini. A gaban Yaya na ce kayan wasa, a gabansa nake janyewa. Wallahi ban san abin da kake haɗawa ke nan ba."

"Ba komai, Malama," ya ce, yana jin kansa yana taɓa silin.

"Kuma ka ga Allah ya kawo mana sauƙi. Yaya, 'yarka da za ta tafi jami'a, tun da aka ce tana bukatar laftop raina yake kanta, aikina ne ya hana ni ba ta. Tunda ga wadda ta fi ta gudu a gida, ɗauki wannan ka kai mata."

Kafin Injiniya ya haɗa kalma biyu ta kwashe darussanta a filash, ta goge laftop da gefen mayafi, ta naɗe caja ta sa a jaka. Idon Yaya ya kawo ruwa, ya riƙe hannun Injiniya da hannu biyu.

"Kai ka jawo wa yarinyar nan wannan alheri. Allah ya ƙara basira."

Me za ka ce? Amin za ka ce. Injiniya ya ce amin, ya raka Yaya har bakin titi, ya tsaya yana kallon jakar tana tafiya. Washegari yarinya ta hau mota da ita zuwa wani gari mai nisa.

Mataki na goma: Riƙe bakinka

Wannan ne mataki mafi wuya, kuma in faɗa maka gaskiya, a nan Injiniya ya ba ni kunya.

Malama ta dawo tebur da aikinta, tunda nan kwamfutar gidan take. Ta sa bidiyon darasi. Kibiyar linzami, 'yar alamar nan da ake nuni da ita a fuskar talabijin, ta fara tafiya kamar mai taka laka, muryarta a bidiyon ta riga bakinta fita, in ta danna abu sai ta je ta ɗora tukunya ta dawo kafin ya buɗe. Injiniya ya ce yanayi ne. Washegari ya ce wutar ce ba ta da ƙarfi. Ya koma tsayawa a gefenta da yankin kwali yana yi wa na'ura fifita, ya ce yana kore ƙura ne. Ƙanƙarar firiza ta daina kwana, kowa a gidan ruwan ɗumi yake sha ba a san dalili ba.

Ka ga har nan bai karya doka ba. Da ta yi faɗa, da ya ji sauƙi, don ya iya faɗa. Amma ba ta yi ba. Darussa suka fara makara, iyayen yara suka fara kira, shugabar makaranta ta yi mata magana a gaban sauran malamai. Ranar da ta dawo da wannan, ta zauna ta sa bidiyo ya fara matsewa, ta zuba wa ɗan layin da ke rarrafe a talabijin ido. Injiniya yana gefe yana fifita. Can ta yi magana a hankali, ba ta ko dube shi ba.

"Ni ce ban iya ba. A hannunka gudu take yi, na gani da idona. Ni kaina ne ba ya ɗaukar irin waɗannan abubuwan, tun ina makaranta haka nake. Har na faɗa wa shugaba laifina ne, mijina ya haɗa mini na'ura mai kyau na kasa aiki da ita. Don Allah in ka samu lokaci ka koya mini, ba zan gaji da tambaya ba."

Dokar a nan a fili take. Ka ce to, za ka koya mata, ka ci gaba da fifita. Tebur naka, suna naka, kallon nan naka.

Kwalin ya tsaya a hannun Injiniya. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ya ga matar da ke tsayawa gaban aji tana koyar da 'ya'yan mutane ta sunkuyar da kai tana ce wa kanta daƙiƙiya saboda shi.

"Ba ke ba ce," ya ce.

Ya faɗa mata duka. Ƙanƙara, caja, tsimin batir, huɗu a kan ɗaya, zanen da aka yanke wa ƙafa. Ta saurara ba ta katse shi ba.

"Har filona?"

"Har filonki."

Ya tsaya yana jiran a aike shi ɗauko babban kwali. Ɗan layin da ke talabijin ya ƙara matsawa kaɗan, ya sake tsayawa. Malama ta nuna masa yankin kwalin da ke hannunsa.

"Ci gaba da fifita, yara suna jiran darasi. Yarinya kuma ba za a karɓe mata kyauta ba, ni ba zan karɓa ba, kai ma ba za ka karɓa ba. In wannan ya gama, ga waya nan, ka kira Yaya ka faɗa masa da bakinka abin da ya busa wa usur."

"Teburin fa?" ya tambaya, da wata 'yar murya.

"Tebur naka ne, an yi alkawari a gaban shaida." Ta gyara zama ta jawo kibod. "Kujerar ce tawa."

Har yau in ka bi ta layinmu da la'asar ka leƙa tagar, za ka gan shi tsaye a gefen teburinsa, yana canja hannu in ɗaya ya gaji.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ya yi alkawarin nasara a gasa, kuma an samu, a tambayi Yaya in ya huce. Bai yi alkawarin abin da zai biyo bayan nasara ba. Ba ruwansa da jiƙaƙƙen takalmi, ko ciwon kafaɗa, ko filon da ya ɗauki warin roba, ko matar da ta yarda da kai fiye da yadda ka shirya. Duk wanda ya kai mataki na goma ya buɗe baki, da hannunsa ya cire kansa daga cikin ɗalibaina. Kuma kada wanda ya zo ƙofata neman rakiya gidan surukai, ko aron laftop. Tawa ma tana hannun matata, ni ban taɓa cewa a gwada ba.